Kano Ta Gabas Ta Mutu, Amma Ta Bar Wa Matasan Tofa Wasiyya

Ɗan uwa, kafin ka wuce zuwa bidiyo na gaba, tsaya in yi maka tambaya ɗaya. Mene ne cikakken sunan mazaɓarka ta Majalisar Wakilai ta Tarayya? Ba sunan ɗan majalisar nake tambaya ba. Wannan ai ka sani, hotonsa na manne a jikin adaidaita sahu da katangar makarantar firamare. Mazaɓar kanta nake nufi. Wa ya shata ta? Yaushe? Da wane lissafi aka ce garinku ya haɗu da wancan garin, kada ya haɗu da wannan?

Na gwada wannan tambayar a teburin mai shayi a nan Tofa. Wani ya ce "Tofa mana". Wani ya ce "Kano ta Arewa", alhali wannan ta sanata ce. Ɗaya ne kawai ya faɗa daidai: Dawakin Tofa/Tofa/Rimin Gado, ƙananan hukumomi uku a kan kujera ɗaya. Amma da na ce masa tun yaushe ake haka, sai ya yi dariya ya ce ai haka muka taso muka gani.

Wannan "haka muka taso muka gani" ɗin ce ta sa na ɗauko alƙalami. Domin mazaɓa ba dutsen Dala ba ce da Allah Ya kafa. Mutane ne suke zama su ja layi a takarda, kuma mutane ne suke goge shi. In kana son shaida, bari in ba ka labarin wata mazaɓa da ta taɓa girgiza Arewa, wadda yau ko a taswirar INEC ba za ka same ta ba. Sunanta Kano ta Gabas.

Ka fara hasko yadda birnin Kano yake a shekarun 1950. Tun da layin dogo ya iso a 1911, Kano ta zama matattarar gyaɗa, fata da ƙiraga. Buhunan gyaɗar da ake jerawa su zama dala, gumin kakanninmu ne na ƙauyukan da ke kewaye da birni, har da namu. A Bompai kuwa masana'antu sun fara tsayuwa: masu matsar man gyaɗa, masaƙu da majemu. Da an gama girbi sai samari su ɗaure ƙunshinsu su shiga birni ci-rani, wasu dako, wasu leburanci. A taƙaice, Kano ta zama garin 'yan ƙwadago, 'yan tireda, teloli, maƙera da masu ƙananan sana'o'i. Irin waɗannan mutanen ba sa jiran gonar wani kafin su ci abinci, saboda haka bakinsu ya fi saurin buɗewa.

A wancan zamanin ikon yau da kullum yana hannun En'e. 'Yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari ma nata ne. Haraji da jangali kuwa ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa ake karɓar su. A cikin wannan yanayi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Kiranta a fili yake: talaka mutum ne, a daina zaluntarsa. Shiga NEPU a lokacin ba irin canza hoton fuskar WhatsApp ba ne. Mutane sun sha ɗauri, sun sha duka, wasu sun rasa aiki ko rumfar kasuwa.

A zaɓen tarayya na 1954 Malam Aminu ya nemi kujera a Kano, ya faɗi. Wanda ya kayar da shi wani matashin malamin makaranta ne na jam'iyyar NPC, Yusuf Maitama Sule, yana ɗan shekara 25. Ka riƙe wannan shekarun a ranka, za mu dawo kansu. Zaɓen Arewa a lokacin hawa-hawa ake yin sa: jama'a su zaɓi wasu wakilai, waɗannan kuma su je su zaɓi ɗan majalisa. Ka ga ke nan kafin muryar talaka ta kai ƙarshe an tace ta sau da yawa.

Sai 12 ga Disamba, 1959, zaɓen da ya share fagen samun 'yancin kai. A karon farko kowane baligi namiji a Arewa ya samu damar jefa ƙuri'arsa kai tsaye kuma a asirce. Kowace jam'iyya da alamarta: NPC fartanya, NEPU tauraro. Kujerun majalisar 312 ne, 174 daga ciki na Arewa. NPC ta kwashe 134, NEPU ta tsira da 8 kacal. Ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ita ce Kano ta Gabas, kuma Malam Aminu ne ya ci ta. A cikin birnin sarki, a tsakiyar ƙarfin jam'iyya mai mulki, masu ƙananan sana'o'i suka shiga ɗakin zaɓe suka yi abin da ransu yake so.

'Yar uwa, ke kuma ga naki. A wannan zaɓen da muke yabo, ba a bar mace ko ɗaya ta yi zaɓe a Arewa ba, alhali matan Kudu suna yi. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan haƙƙin, kuma sai a 1976 matan Arewa suka same shi. Katin zaɓen da wasu ke bayarwa yau a kan taliya da sabulu, da kurkuku aka saye shi.

Me ya sa kujerar mazaɓa take da nauyi haka a lokacin? Saboda tsarin firaminista ake bi irin na Ingila. Ba a zaɓen shugaban gwamnati daban. Kowa sai ya fara cin mazaɓarsa, hatta Firaminista Abubakar Tafawa Balewa kujerar mazaɓa yake riƙe da ita daga Bauchi. Minista ɗan majalisa ne, kuma dole ya tsaya a zauren majalisa ya amsa tambaya. Maitama Sule ta wannan hanyar ya zama ministan ma'adinai da lantarki. Shi kuma Malam Aminu, da yake abokiyar ƙawancensu NCNC ta shiga gwamnatin haɗaka da NPC, sai ya zama mataimakin mai tsawatarwa a majalisar. Siyasa ke nan: wanda kuke faɗa da shi a Kano, ga ku a benci ɗaya a Legas.

Amma kujera ba gado ba ce. A zaɓen 30 ga Disamba, 1964, wanda ƙawancen adawa na UPGA ya ce a ƙaurace masa kuma ya cika da rikici da ƙorafi, Malam Aminu ya rasa Kano ta Gabas. Alhaji Mahmud Dantata na NPC ne ya karɓe ta. Shi ma bai daɗe a kai ba, domin ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, majalisa ta watse. Daga nan sunan Kano ta Gabas a matsayin mazaɓar majalisar Jamhuriya ta Farko ya koma cikin littattafan tarihi.

To, a nan ne darasin farko yake. Mazaɓar ta mutu, amma abin da masu zaɓenta suka nema bai mutu ba. A 1979, da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci Jihar Kano, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, haka ma Balarabe Musa a Kaduna. Daga 1950 zuwa 1979 kusan shekara talatin ke nan mutane suna maimaita buƙata ɗaya ba su gaji ba. Sun faɗi zaɓe, sun ci, sun sake faɗuwa, an rushe mazaɓar gaba ɗaya, amma buƙatar tana nan har ta biya. Yanzu ka tambayi kanka: mu a yau, wace buƙata ɗaya ce muka riƙe ko da ta shekara huɗu? Ko kuwa duk mako da sabon abin da muke yayi?

Darasi na biyu shi ne yadda ake ta yanka ƙasar nan ana sake ɗinkewa. A 1959 kujeru 312 ne. A 1979 suka zama 449, lokacin Jigawa tana cikin Kano, domin sai a 1991 aka cire ta. A 1992 suka kai 593, kusan kowace ƙaramar hukuma da kujerarta. A 1999 aka dawo da su 360, Kano ta samu 24. Ka ga kakanka, babanka da kai, wataƙila a gida ɗaya kuka yi zaɓe, amma ba a mazaɓa ɗaya ba. Ita kanta Tofa ai ƙarƙashin Dawakin Tofa take kafin ta samu ƙaramar hukumarta. A nan ne marigayi Alhaji Bashir Usman Tofa ya fara da kansila a 1976, ya je majalisar tsara kundin mulki a 1977, har ya kai ga takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC a zaɓen 12 ga Yuni, 1993.

Abin mamakin shi ne, tun daga 1999 sai almakashin ya tsaya cak. Mazaɓun tarayyar da aka yi zaɓe da su kafin a haifi da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, su ne dai har yau. Alhali kundin tsarin mulki bai yi shiru ba. Sashe na 72 ya ce a raba mazaɓu yadda yawan jama'arsu zai yi kusan daidai gwargwadon iko. Sashe na 73 ya ɗora wa INEC sake duba su, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, kuma ya ba ta dama ta yi hakan bayan ƙidaya. Sai dai akwai tarko. Sashe na 74 ya ce duk gyaran da aka yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince. Wato mutanen da gyaran zai iya rushe wa kujera, su ne za su sa hannu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ga kuma ƙidaya da rabonmu da ita tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage.

A wasu ƙasashen ba haka abin yake ba. A Birtaniya, inda muka kwaso tsarin, an sake shata mazaɓu kafin zaɓen 2024. Kujerun suna nan 650, amma tsofaffin sunaye da dama sun ɓace, sababbi sun fito, saboda mutane sun tashi daga wasu garuruwan sun cika wasu. A Amurka duk bayan ƙidayar shekara goma ake sake rabon kujeru. Ba wai su ma ba sa maguɗi wajen jan layin ba, suna yi sosai. Amma aƙalla ana yin muhawarar a fili. Kuma kada wani ya ce maka a nan ba zai yiwu ba. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, bayan shekaru ana cewa abin ya gagara.

Na san abin da ke ranka. Za ka ce: malam, ana fama da kuɗin taki da kuɗin mota, kai kana maganar layi a takarda? Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana kan titin Gwarzo. Ka bi ta Janguza da Langel ka kalli gefen hanya da kyau. Inda a da gero da dawa suke, yanzu turakun fuloti ne da tubalin siminti. Birni yana tahowa, gona tana ja da baya. A ɗaya ɓangaren ga kasuwar Dawanau a Dawakin Tofa, inda manyan motoci ke lodin hatsi, riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje. Da yawa daga samarinmu da asuba suke hawa babur su shiga birni neman na kai, su dawo bayan isha. Ƙidayar 2006 ta ba Tofa mutum kusan 98,000. Wa zai rantse cewa yau haka muke? Yankin da aka shata a matsayin karkara zalla yana rikiɗewa ya zama bakin birni, da matsalolin bakin birni: rikicin fili, rashin magudanar ruwa, cunkoson aji, matasa masu takarda babu aiki.

Su kuma masana'antun da suka sa Kano ta zama Kano, ka zagaya Bompai, Sharaɗa da Challawa ka ƙirga ƙofofin da ke garƙame. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, masaƙu da yawa suka durƙushe. Ma'aikacin da a da zai yi shekara ashirin a kamfani ɗaya ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ɗansa yau haya yake da babur ɗin wani. Kuma maganin wannan ciwon ba a hannun kansila yake ba. Harajin shigo da kaya, kasafin kuɗin tarayya, dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar shiga harkar wuta, bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, duk a Abuja ake yanke su ko ake sa musu ido. Kujerar da muke da ita a wannan teburin ita ce ta ɗan majalisarmu. Mu kuma mun mai da ita wurin karɓar kuɗin suna da na asibiti.

Bari in faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba ni da tabbacin cewa in aka sake shata mazaɓu Tofa za ta ci riba. Kujeru 360 kundin mulki ya ƙayyade, saboda haka in an ƙara wa wani, an rage wa wani. Mai yiwuwa ne unguwannin cikin birni da suka tumbatsa su ne za su samu ƙari, mu kuma a haɗa mu da wasu. Duk da haka ina goyon bayan a yi. Dalili kuwa, ƙuri'ar ɗan Lambu da ta ɗan Kurna ya kamata nauyinsu ya zama ɗaya. In muka yarda da rabon da babu adalci don yau yana yi mana daɗi, ranar da ya juya kanmu ba mu da bakin magana.

Kada kuma ka ce ƙuri'a ba ta aiki. A wannan mazaɓar tamu, a 2023, ɗan gwamna mai ci a lokacin, Umar Abdullahi Ganduje na APC, ya yi takara ya sha kaye a hannun Tijjani Abdulƙadir Joɓe na NNPP. Ba ina ce maka wane ya fi wane ba ne, wannan hukuncinka ne. Abin da nake nuna maka shi ne, jinin 1959 bai ƙare ba. Mutanenmu sun iya ba da mamaki ranar zaɓe. Inda muke da rauni shi ne washegari. Da an sanar da sakamako sai mu koma gida, wasunmu su zama sojojin baka a Facebook da TikTok, ana saya musu data suna zagin sa'o'in iyayensu. 'Yan NEPU sun yi waƙa, sun yi zambo, amma a ƙarƙashin zambon akwai buƙata. Namu zagin fa, me ke ƙarƙashinsa?

Ga abin da nake roƙonka, kuma babu wanda ya fi ƙarfinka a ciki.

Na farko, ka san mazaɓarka uku: ta majalisar jiha, ta wakilai da ta sanata, ka kuma san aikin kowacce. Kada ka je wa ɗan majalisar tarayya da maganar kwatar unguwa ka ƙyale shugaban ƙaramar hukuma yana barci.

Na biyu, in ka tare a sabuwar unguwa, ka nemi INEC ta dawo maka da rajistarka inda kake kwana. Wanda yake zaune a Janguza yana zaɓe a wani wuri, ya bar wa wasu su zaɓa masa wanda zai yi magana a kan titin ƙofar gidansa.

Na uku, ku haɗu ku goma ko ashirin ku rubuta wa wakilinku tambayoyi cikin ladabi, ku sa a shafukanku kowa ya gani. Wane ƙudiri ya gabatar? A wane kwamiti yake? Me ya ce a kan wuta da masana'antun Kano? Waɗanne ayyukan mazaɓa aka sa mana a kasafin bana, kuma ina suke a ƙasa? Ku je ku ɗauko hoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an yi aikin ku yaba, in ba a yi ba ku sake tambaya wata mai zuwa.

Na huɗu, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi matsayinsa a kan ƙidaya da sake shata mazaɓu. Ku naɗi amsar a waya ku ajiye. Kuma ku sani sashe na 69 ya ba ku ikon yi wa wakili kiranye, in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu. Abu ne mai wuyar gaske, amma sanin cewa akwai shi ma makami ne.

Na ƙarshe, ka tuna shekarun nan 25 da na ce ka riƙe? Tun 31 ga Mayu, 2018, da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman kujerar Majalisar Wakilai. Daidai shekarun Maitama Sule lokacin da ya shiga majalisa. Bashir Tofa kuwa bai cika talatin ba ya zama kansila. In duk waɗanda suka fito ba su yi maka ba, ƙofar a buɗe take, ka fara daga mazaɓar kansilanku.

Wata rana, ko ba daɗe ko ba jima, wani zai zauna da taswira ya goge sunan Dawakin Tofa/Tofa/Rimin Gado kamar yadda aka goge Kano ta Gabas. Ranar nan jikokinmu za su tambaya me mutanen wannan mazaɓar suka tsaya a kai. Na Kano ta Gabas suna da amsa: sun ce a cire wa talaka haraji da wulaƙanci, kuma an cire harajin. Mu fa? Ka rubuto mini amsarka, amma kafin nan ka fara duba inda ka ajiye katin zaɓenka.